Kejin Ƙarfe da Rijiyar Ƙofar Guga

Ku 'ya'yana, da ku 'ya'yan Yaya Lawal da nake ɗauka tamkar nawa ko da wasunku sun daina ɗaukata uba, wannan babin naku ne. Kun taso kun tarar da labarin rijiyar gidanmu na Ƙofar Guga a shirye: wai baƙin man garejin Yaya ne ya tsiyaya ƙasa ya lalata ruwan, ni kuma Dokta Mannir masanin sinadarai na gano da wuri na ceci unguwa. Haka aka faɗa a rediyo, haka aka maimaita ranar walimar ritayata, ina zaune cikin babbar riga ina gyaɗa kai. Labarin ba haka yake ba. Na daɗe ina neman ranar da zan faɗa muku da baki na kasa, shi ya sa na zauna na rubuta.

Sai na fara gaya muku aikin da nake yi, don na san har yau cikinku babu wanda zai iya bayyana shi, kuma ban ga laifinku ba. A karatuna na ƙasar waje na koyi gina abin da muke kira keji. Keji ne na gaske, mai kusurwoyi da bango da fili a ciki, sai dai ƙanƙantarsa ta wuce abin da ido ko madubin likita zai gani. Ƙwayoyin wani ƙarfe mai suna faladiyam su ne kusurwoyin, wasu sinadarai masu faɗi kamar faifai su ne bangon. Ba da hannu ake haɗa su ba. Zuba su ake yi cikin ruwa a ɗumama, kowanne ya nemi mazauninsa da kansa, kejin ya tashi. Akwai kuma wasu sinadarai masu siffar zobe da ake samu a cikin baƙin mai da hayaƙi da kwalta, 'yan uwan wannan abin mai wari da mata ke sawa a akwatin tufafi saboda kyankyasai. Wasunsu in suka daɗe suna shiga jikin mutum suna iya jawo ciwon daji. Halinsu shi ne ba sa son ruwa, to da zarar sun tarar da filin da ke cikin kejin sai su shige su lafe. In suka shiga, ruwan kejin da yake fari-fari mai ɗan ɗorawa sai ya rine ya koma ja. Ko kaɗan ne a cikin ruwa kejin zai kama shi ya nuna. Ranar da na fara ganin wannan rinewar a kwalbar gwaji sai da na yi hamdala a fili, Turawan da muke aiki tare suka juyo suna kallona. Ina son aikin nan, har gobe ina son sa, ba shi ne ya yi laifi ba.

Da na dawo Katsina na kama koyarwa a jami'a, na taho da ɗan kejin da na busar ya zama gari a wata 'yar kwalba da ba ta kai ta turare ba. Faladiyam ba abin da ake samu a kasuwa ba ne, kuma ban san ranar da zan sake samun wani ba, don haka nake lallaɓa shi kamar kwalli. Gida kuwa babu wanda ya gane abin da na je na koyo shekara da shekaru. Inna, mahaifiyarmu, ta ɗauka likita ne na zama, duk mai ciwon kai a unguwa sai ta turo mini shi. Yaya Lawal shi ne ya fi kowa tsokanata. Shi ne babbanmu, shi ya riƙe gidan tun rasuwar Baba ina ɗan aji uku a firamare. Ya bar makaranta ya shiga ƙarƙashin mota don ni in ci gaba, har ya buɗe garejinsa a filin da ke jikin katangar gidan. Ban taɓa ganin faratansa fari ba, ko ranar Sallah. Mutum ne mai dariya da ƙarfi, mai son zolaya, kuma in ya zolaye ka ba ya lura ko ta yi maka zafi.

Wata ranar Juma'a bayan an sauko masallaci muna cin abinci a zaure tare da abokansa, sai ya dube ni ya ce:

"Dokta, hwaɗa ma mutanen ga aikinka. Wai keji shika ginawa, ku ji hwa. Kejin ba a ganin shi, tsuntsun da ka shiga ciki shi ma ba a ganin shi. Ni ko in na gyara mota kowa na ganin ta tashi."

Aka kwashe da dariya, har da ni. Amma maganar ta zauna mini a ƙirji. Ina da digiri uku, ɗalibai suna miƙewa in na shiga aji, ga shi a zauren gidanmu ni ne abin dariya. Yau da na tsufa na gane alfahari yake yi da ni, hanyarsa ta nuna ni ga mutane ke nan. A lokacin ban ji haka ba. Na ƙudura a raina sai na nuna wa unguwar nan, da shi kansa, cewa tsuntsun yana nan kuma kejin yana kama shi.

Damina ta shigo, damar ta zo. Wata safiya na je gaida Inna bayan an kwana ana ruwa, na ga kwatar da ta bi ta gaban garejin tana sheƙi da launi-launi, alamar mai a kan ruwa. Gaskiya ne yaran garejin suna zubar da baƙin mai a wani rami in sun yi juye, kuma in ruwa ya yi yawa ramin yana ambaliya. Rijiyarmu tana tsakar gida, taku kamar talatin daga nan. Baba ne ya haƙa ta kafin a haife ni, ruwanta garai-garai, ba ta ƙafewa ko da rani, kuma rabin layinmu a nan suke ɗiba in famfo ya ɗauke, wanda kusan kullum a ɗauke yake. Ina tsaye ina kallon kwatar nan na riga na yanke hukunci a zuciyata cewa man ya isa rijiyar. Abin kunyar shi ne ba tsoro na ji ba, wani ɗan daɗi na ji.

Ga inda na yi kuskuren, ku karanta a hankali. Akwai ƙa'idoji biyu da nake koya wa ɗaliban shekarar farko, har ina kayar da wanda ya manta su a jarrabawa. Ta farko, ruwan da za ka gwada kai za ka ɗebo da hannunka, a kwalbar gilashi da ka wanke da kanka. Ta biyu, kafin ka gwada ruwan sai ka gwada mazubin, ka zuba masa tataccen ruwa ka ga ko shi kansa yana ɗauke da wani abu. Ranar ban zo da kwalba ba, washegari kuma ina da taron sashe. Sai na kira Yaya Hinde, matar Yaya Lawal, a waya na ce ta ɗebo mini ruwan rijiya ta ba mai mashin ya kawo mini ofis.

"Ruwan rijiya kuma, Dokta? Na jami'ar ya ƙare ne?" in ji ta tana dariya.

"Wani ɗan aiki zan yi da shi, Yaya Hinde. A samu abu mai tsabta a zuba."

"Kar ka damu, sai na wanke shi tas."

Ruwan ya iso a wani farin galan na roba, an wanke shi fes har yana ƙamshin sabulu, da 'yar jar waya a ɗaure a mariƙinsa. Na ga wayar, na ɗauka don ratayewa ce. Na san ya kamata in gwada galan ɗin tukuna. Na tsaya na dubi ɗan garin kejin da ya rage mini, na ce a raina ba zan ɓarnatar da shi a kan gwada roba ba, ai abin a bayyane yake. Na zuba ruwan, na ɗiga kejin, na girgiza. Kafin in ajiye kwalbar ta fara rinewa. Na sake sau biyu, duk daga galan ɗin nan guda, duk suka yi ja. Na rubuta a littafina cewa an gwada sau uku an tabbatar.

Ko a nan da na yi abin da kowane ƙane mai tarbiyya zai yi, da abin bai kai inda ya kai ba. Kamata ya yi in je in sami Yaya shi kaɗai, in zauna ƙasa in ce ga abin da na gani, me ya kamata mu yi. Ban yi haka ba. Na rubuta takarda zuwa ga ma'aikatan duba-gari, na kai kwafi wa mai unguwa, na gaya wa kaina cewa lafiyar jama'a ta fi kunyar gida. Da Inna ta ji, ta aika aka kira ni. Ita ba ta faɗin sunan Yaya saboda ɗan fari ne, ni kuma Auta take ce mini har na yi furfura.

"Auta, mi na ji? Ka kai ƙarar yayanka wajen hukuma?"

"Inna, ba ƙara ba ce. Ruwan ne akwai guba a ciki, kuma ke ma shi kike sha."

"Shekara nawa ina shan ruwan ga? Da shi na yi wankan jegonka. Ka tahi ka same shi ku yi magana, ku biyu, kahin bakin duniya ya shiga."

Na ce mata to. Ban je ba.

Aka sa ranar zama a ƙofar gidan mai unguwa, da hantsi. Dattawan layi sun zo, ma'aikatan duba-gari biyu sun zo, mata suna leƙe ta zaurukan maƙwabta. Na zo da farar rigar ɗakin gwaji, wadda babu dalilin sa ta a waje sai don a gani. Na ajiye galan ɗin a kan tabarma, na zuba ruwansa a kwalba, na ɗaga sama, na ɗiga kejin. Da ruwan ya rine wurin ya ɗauki salati. Wani dattijo ya tofar da yawu ya ce shi da asuba ma da ruwan ya yi alwala. Ina jin idanun mutane a kaina, kuma ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗin ranar fiye da ranar da aka ba ni digiri. Yaya Lawal yana zaune a gefe da kayan aikinsa. Can sai ya miƙo hannu ya ɗauki galan ɗin. Ya juya shi, ya taɓa 'yar wayar da ke mariƙin da babban yatsa, ya kai hancinsa bakin galan ɗin. Ya ɗago ya dube ni, kallon da ya ɗan daɗe. Na ɗauka haushi ne, na kawar da kai.

Mai unguwa ya ce, "Malam Lawal, kana da magana?"

Yaya ya ajiye galan ɗin a hankali ya ce, "Ranka shi daɗe, Dokta ya yi karatun abin ga, ni ban yi ba. Abin da ya hwaɗa shi ke nan."

Cikin sati biyu aka gama komai. Tifa ta kawo ƙasa da duwatsu aka cike rijiyar, aka shafe bakinta da siminti. Inna ta shige ɗaki ta ƙi fitowa har aka gama. An ba Yaya wa'adi ya tashi da garejinsa daga unguwa, ya koma wani fili a kan hanyar Batagarawa inda babu inuwa, babu kowa. Masu motocin da suka saba da shi kaɗan ne suka bi shi. Abin da ya fi ciwo shi ne sunan da ya bi shi, don har yara a layi suna kiran gidanmu gidan mai guba, kuma ku 'ya'yansa kun sha wannan a makaranta, na sani. Matan layi da suke shigowa ɗiban ruwa suna hira da Inna suka ɗauke ƙafa, tsakar gidan ya yi tsit. Inna ta koma shan ruwan 'yan garuwa, kullum tana cewa ƙarfe-ƙarfe yake yi mata a baki, har ta rasu ba ta daina faɗa ba. Ni kuwa aka kira ni rediyo, aka ƙara mini girma a wurin aiki. Yaya bai daina gaishe ni ba, bai daina zuwa sunan 'ya'yana ba. Zolayar ce kawai ya daina. Bai sake ce mini komai a kan keji ba har ya bar duniya.

Bayan kamar wata bakwai na samu ƙarin faladiyam daga wani abokin karatuna, na gina sabon keji. Ina shirin rubuta aikin rijiyar don a buga a mujallar masana, sai na tuna za a tambaye ni gwajin mazubi. Galan ɗin yana nan a ƙarƙashin teburina. Na ɗauraye shi, na cika shi da tataccen ruwa wanda na san babu komai a cikinsa, na bar shi ya kwana biyu, na gwada don in cike gurbi a takarda kawai. Ruwan ya yi ja. Na sake, ya yi ja. Na zauna a kan kujera. Roba tana shan mai ta riƙe shi a jikinta, sabulu ba ya fitar da shi, sai ta riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan cikin duk abin da aka zuba. Washegari na ɗauki kwalaben gilashi na je da kaina na ɗebo ruwan rijiyar maƙwabcinmu, wadda ta fi tamu kusa da ramin man. Na gwada, ruwan bai ko motsa ba. Ba zan iya rantsewa cewa rijiyarmu ba ta da komai ba, don na sa an binne ta, babu mai sake gwadawa. Amma hujjar da na tsaya a kanta gaban jama'a ba ta rijiya ba ce, ta galan ce. Ramin man kuwa durom biyu da murfi sun isa su magance shi.

Na san abin da ya kamata in yi, kuma na san hanyar Batagarawa. Sau biyu ina tuƙa mota har in hango rumfar garejin, in ga ƙafafunsa sun leƙo daga ƙarƙashin wata tsohuwar mota, in juya. Na ce a raina sai na sami lokacin da ya dace. Na ce in na faɗa, aikin kejin gaba ɗaya za a daina yarda da shi, alhali shi gaskiya ya nuna. Na ce rijiyar ai ba za ta dawo ba. Duk dalilai ne na matsoraci, kuma na san haka tun a lokacin. Na fasa buga takardar, na sa galan ɗin a kabad na kulle, na ci gaba da koya wa ɗalibai ƙa'idojin nan biyu da murya mai ƙarfi. Shekara goma sha ɗaya na yi a haka.

Yaya ya rasu bayan gajeriyar jinya. Ranar addu'ar uku, da mutane suka ragu bayan la'asar, na shiga cikin gida in yi wa Yaya Hinde gaisuwa. Tana zaune a kan tabarma a tsakar gida, jikin simintin da ya rufe rijiyar. Ban shirya faɗa ba, maganar ce ta fito da kanta. Na ce mata ruwan da na gwada ba laifin rijiya ba ne, galan ɗin ne, kuma na daɗe da sani. Na zaci za ta yi kuka ko ta zage ni. Sai ta gyara lulluɓinta ta ce:

"Ai ya sani, Dokta."

Na ce, "Wa ya sani?"

"Yayanka. Tun ranar, gaban mai unguwa. Duk galan ɗin da ya taɓa cin baƙin mai shina ɗaura mashi jar waya ga mariƙi, don kar wani ya zuba abin sha. Ni ban san da haka ba, na gan shi cikin zaure na ɗauka na wanke. Da ya dawo gida ya ce mani, Hinde, galan ɗin juye kika ba shi. Na ce to mu tahi mu hwaɗa mana. Ya ce a'a."

Na ce, "Don me?"

"Na tambaye shi. Ya ce, in na buɗe baki gaban mutanen ga, bakanike ya kada Dokta, daga ranar babu mai sake jin maganar shi garin ga. Ya ce, shekara ashirin na yi ƙarƙashin mota don a kira yaron ga Dokta, ba ni za ni tuɓe mashi rigar ba. Ya ce Mannir na da ilimi, zai gano da kanshi, in ya gano zai zo." Sannan ta ƙara da cewa, "Ya jira ka hwa. In ya ji mota ta tsaya bakin garejin sai ya leƙo."

Wannan shi ne abin da ya faru. Ku 'ya'yan Yaya Lawal, mahaifinku bai sa wa kowa guba ba, kuma duk wanda ya sake faɗa muku haka ku nuna masa wannan shafin da sunana a kai. Na je na faɗa wa mai unguwa na yanzu da dattawan da suka rage, a wurin da na yi wancan zaman, ba tare da farar riga ba. Yawancin waɗanda suka yi salati a ranar sun riga mu gidan gaskiya, waɗanda suka saurare ni ba su ma san an taɓa yin rijiya a gidan ba. Ina roƙonku gafara, ban kuma ce dole ku yafe ba. Galan ɗin yana cikin kabad ɗin ɗakina, da wayarsa, kada wanda ya jefar da shi in na mutu. Daga ofishina zuwa garejin Yaya tafiyar minti ashirin ce a mota. Na gano, kamar yadda ya ce zan gano, amma ban je ba.